Hadari, Kogi da Zafin Bazara: Sanin Mugun Yanayi ga Ɗaliban Yamai

Yaron da ya tashi a Yamai yana iya gama makarantar firamare ya san labarin mahaukaciyar guguwar da ke tasowa daga teku ta afka wa Amurka, ya kuma ga hoton dusar ƙanƙara a littafi, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya bayyana masa abin da ya sa hadarin garinsu yake haɗowa daga gabas, ko dalilin da ya sa kogin Isa yake cika sau biyu a shekara. Sanin abin da ke faruwa a wasu ƙasashe yana da amfaninsa, amma ba shi ne zai fid da yaro ba ranar da hadari ya rutsa da shi tsakanin makaranta da gida. Abubuwan da ke halaka mutane a Nijar sanannu ne: ruwan da ke cin mutum a ƙorama ko a kogi, ginin laka da ke faɗowa cikin dare, aradu, iska mai yaye rufi, da zafin bazara. Kowannensu yana aiko da alama kafin ya iso, sai dai tazarar da ke tsakanin alamar da isowarsa ta bambanta ƙwarai. Aradu sakan kaɗan take bayarwa, bangon ƙura mintoci, ruwan ƙorama wani lokaci ƙasa da awa guda, kogi kwanaki, zafi kuwa makonni. Ɗalibin da ya san wannan tazara ya san abin da ake guje wa nan take da abin da ake yi wa shiri tun da wuri.

Tushen yanayin ƙasarmu iskoki biyu ne da ke karɓa-karɓa a kanta. Ta farko tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, saboda haka busasshiya ce, ita ce kuma ke kawo hunturu da hazonsa. Ta biyu tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi, ta ratso Benin da Najeriya kafin ta iso mana. Iyakar da iskokin biyu suke haɗuwa ba a wuri ɗaya take zaune ba: tana hawowa arewa sannu a hankali yayin da rana ke ƙara gasa ƙasa, ta wuce Yamai wajen watan Mayu, ta kai ƙurewarta cikin hamada a watan Agusta, sannan ta juya ta koma kudu wajen Oktoba. Damina tana kankama ne bayan wannan iyaka ta wuce mu ta yi nisa arewa. Shi ya sa Gaya ta fi Yamai samun ruwa, Yamai ta fi Tawa, Tawa kuma ta fi Agadas. A shekara Yamai takan sami tsakanin milimita 500 da 600, Tawa kuwa yawanci ba ta kai 400 ba.

Wannan adadi kaɗan ne idan aka gwada shi da na ƙasashen bakin teku, amma matsalar tana ga yadda ruwan yake sauka. Ruwan shekara guda cikin wata huɗu yake zuba, mafi yawansa kuma a ƴan ranakun da aka yi babban hadari. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 cikin awa guda, abin da kan faru a watan Agusta, filin gida mai tsawon mita 20 da faɗin mita 20 zai karɓi lita 20,000, wato ganga 100 masu cin lita 200 kowace. Wannan na gida ɗaya ke nan. Duk ɗalibin da ya iya ninkawa zai iya auna abin da ke sauka a kan unguwa guda, ya kuma tambayi kansa inda ruwan zai bi.

Hadari da zafi yake farawa. Rana takan gasa ƙasa tun safe, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi zafi ta tashi sama da danshinta, can sama ta tarar da sanyi, danshin ya koma ɗigon ruwa da ƙanƙara, girgije ya yi ta tsawo har ya kai kilomita 15 ko fiye. Danshin daga kudu maso yamma ya zo, amma a nisan kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa akwai wata iska mai ƙarfi da ke busawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura giragizan, shi ya sa tun kaka da kakanni gabas ake duba hadari. Sau da yawa giragizan kan jeru su zama layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wanda ke tafiya da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Layin da ya haɗu da la'asar a wajen duwatsun Ayar ko a tudun Jos na Najeriya yana iya isowa Yamai cikin dare ko da asuba, ya zarce Burkina Faso da Mali. Abin sha'awa shi ne wasu daga cikin waɗannan rikice-rikicen iska sukan ci gaba da tafiya har su fita ta Senegal su faɗa teku, can ne ruwan ɗumi yake ba su ƙarfi su zama mahaukaciyar guguwar da ake gani a talabijin, wadda gudun iskarta ke farawa daga kilomita 119 a awa. Irinta ce, mai suna Idai, ta afka wa birnin Beira na Mozambik daga tekun Indiya a watan Maris na 2019, ta halaka fiye da mutum dubu a yankin. Wannan guguwa ba ta rayuwa sai a kan teku mai ɗumi, saboda haka Nijar ba ta cikin ƙasashen da take yi wa barazana.

Abin da ke fara isowa gari kafin ɗigon farko shi ne iska. Ruwan da ke zubowa daga girgije yakan sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa, iskar ta yi nauyi ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaba tana kwasar yashi. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da gonaki ke tsirara ba ciyawa ba shuka, ƙurar takan tashi ta zama bango mai tsawon ɗaruruwan mita. Mutanen Yamai ba za su manta da ranar 4 ga Mayu na 2020 ba, sa'ad da irin wannan bango ya rufe birnin da rana tsaka, sama ta yi jawur, sannan gari ya yi duhu. Daga lokacin da aka hango bangon zuwa isowarsa mintoci ne kawai, kuma ba a yin tseren gudu da shi. Yaron da ya hango shi ya shiga gini mafi kusa, ko da shago ne ko masallaci ko gidan da bai sani ba, ya rufe hanci da baki da ƙyalle, ya guji murza idanu. Wanda ke da ciwon asma ya fi kowa buƙatar wannan kariya. Tsallaka titi a cikin wannan duhu ganganci ne, domin direban da ke tafe ba ya ganin ko da gaban motarsa.

Ita kanta iskar, wadda kan kai gudun kilomita 80 a awa ko fiye, ba ta cika kashe mutum da kanta ba; abin da ta ɗauko ne ke kisa. Kwanon rufin da aka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi, reshen dogon yaro, allon talla, da wayar lantarki da ta tsinke, su ne abin tsoro. Wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauka cewa da wuta a cikinta ko da an ɗauke wuta a unguwar, kuma ruwan da ya kewaye ta ma ba a taka shi. A nan akwai wata al'ada da ya kamata malamai su sake dubawa, wato sallamar ɗalibai da zarar hadari ya haɗu domin su isa gida kafin ruwa. Niyyar mai kyau ce, amma idan hadarin ya riga ya yi baƙi kuma iskar sanyi ta fara kaɗawa, sallamar tana jefa yara ne a kan hanya daidai lokacin da ya fi haɗari. Ajin siminti ya fi hanya aminci. Yaran da ke karatu a rumfar zana kuwa, a mayar da su cikin ajin da aka gina ko da za a cunkushe, har iskar ta lafa.

Walƙiya da tsawa abu ɗaya ne da ke iso mana ta hanya biyu. A cikin girgije ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gogayya, lantarki yana taruwa, idan ya yi yawa sai ya yi tsalle zuwa wani girgijen ko zuwa ƙasa. A kan hanyarsa yana zafafa iska har kusan digiri 30,000, iskar ta buɗe farat ɗaya, ƙarar wannan buɗewa ita ce tsawa. Haske yana isowa ido nan take, sauti kuwa mita 340 yake yi a sakan guda, wato kusan kilomita ɗaya cikin sakan 3. Saboda haka yaro na iya auna nisan aradu da kansa: ya fara ƙirga sakan daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, ya raba da uku. Idan ya ƙirga 30 ko ƙasa da haka, abin bai wuce kilomita 10 daga inda yake ba, kuma aradu tana iya faɗowa a wannan nisa ko da ba a fara ruwa a kansa ba. Ƙa'idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce duk wanda kunnensa ya ji tsawa ya nemi gini, kada kuma ya fito sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe. Masu buga ƙwallo a fili su ne suka fi karya wannan ƙa'ida, musamman idan wasa ya kusa tashi.

Babban kuskure shi ne fakewa a gindin bishiya, kuma kuskure ne mai wuyar bari, domin mutumin da ruwa ke duka bishiya yake fara gani. Aradu takan faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri, kamar gawo ko giginya da ke tsaye ita kaɗai a gona, sannan wutar ta bi gangar jikinta ta bazu cikin ƙasa. Wannan wutar da ke bin ƙasa ita ce ke kashe garken dabbobi gaba ɗaya a ƙarƙashin bishiya guda, ta haɗa da yaron da ke kiwonsu. Wurin da ya fi aminci shi ne cikakken gini mai bango da rufi, ko mota mai rufin ƙarfe da aka ɗaga gilasanta. Rumfa, runfar mai shayi da baranda ba kariya ba ne. A cikin ɗaki a matsa daga ƙofa da taga, a bar wanka, a cire talabijin daga soket. Wayar salula ba ta jawo aradu kamar yadda ake yaɗawa, amma wadda ke jone da caji a ajiye ta. Wanda abin ya rutsa da shi a daji ba gini kusa, ya sauko daga tudu, ya fita daga ruwa, ya nisanci shingen waya, ya ajiye hauya, kada ya kwanta a ƙasa, idan kuma suna da yawa su wawwatsu maimakon su dunƙule. A wasu wurare ana tsoron taɓa wanda aradu ta faɗa wa, wai wutar na jikinsa. Babu wata wuta da ke saura a jikinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna rayuwa idan aka kai musu ɗauki da sauri, musamman idan aka sami wanda ya iya danna ƙirji domin farfaɗo da zuciya.

Ƙanƙara da guguwar bazara ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙanƙara takan lalata shuka ta fasa gilashi, maganinta shiga ƙarƙashin rufi, ba fita tsinta ba. Guguwar da ke juyi da ƙura da ledoji a tsakar rana zafin ƙasa ne ke tayar da ita, ba girgije ba, kuma ko da yake takan ɗaga zana ko kwano, ba ta kai ƙarfin wadda ke saukowa daga hadari a tsakiyar Amurka tana rusa gidaje ba.

Ruwa shi ne ya fi kowane cin rai. Ƙoramar da ta bushe wata takwas, yara suna wasa a cikinta, masu amalanke suna ɗibar yashi, tana iya cika cikin ƙasa da awa guda, kuma ba dole ba ne a yi ruwa a inda mutum yake tsaye. Ya isa a yi shi a kan tudu mai nisan kilomita 20. Haka ya faru a Agadas a farkon watan Satumba na 2009, lokacin da ruwan duwatsun Ayar ya biyo ƙoramar Telwa ya rusa dubban gidaje. A Yamai kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar birni har kogi, kuma bayan babban ruwa tituna da yawa sukan koma magudana. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana awon gaba da manya. Yaro bai kai babba nauyi ba, saboda haka nasa ma'aunin ya fi wannan ƙanƙanta. Ban da haka, jan ruwa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashinsa, ko kwalbatin da murfinsa ya tafi ne, ko ramin da ruwan ya zaizaye. Iya iyo ba ya hana komai a nan. Ruwan ƙorama yadda ya zo da sauri haka yake janyewa, wanda ya jira awa ɗaya ko biyu a bakin gaɓa yakan tsallake lafiya. Idan ruwa ya ja wani, yaro ya yi kururuwa ya nemi manya, a miƙa igiya ko doguwar sanda daga tudu, kada ya faɗa ruwan da sunan ceto.

Akwai dalilin da ya sa ƙoramu suka fi yin ɓarna a yau fiye da da. Farin da aka yi a shekarun 1973 da 1984, tare da saran itace da faɗaɗa gonaki, sun bar tuddai da yawa ba bishiya ba ciyawa, fuskar ƙasa ta taurare, ruwa ba ya shiga ciki sai dai ya gangara ɗauke da yashi. A jihar Tawa, a yankin Adar da kwarin Keita, an daɗe ana yaƙar wannan matsala ta hanyar jera duwatsu a kan gangare, haƙa ramukan rabin wata da dasa itatuwa, musamman tun aikin raya Keita da aka fara a 1984. A birni kuwa, sharar da ake zubawa a magudana da gidajen da ake ginawa a kan hanyar ruwa suna yin irin wannan ɓarnar ta wata fuska.

Duk shekara idan hukumomi suka fitar da adadin waɗanda damina ta halaka, sukan kasa su gida biyu, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya faɗa wa. Kaso na biyu ba a cika koya wa yara komai a kansa ba. Ginin laka yana da sanyi a bazara, amma idan ruwa ya kwanta a gindinsa sai tushen ya jiƙe ya yi laushi, idan kuma indararo ya toshe sai rufin ya sha ruwa ya yi nauyi a kan azara. Sau da yawa ginin ba ya faɗuwa a lokacin da ake tsuga ruwa, sai bayan an ɗauke, cikin dare, mutane suna barci. Alamominsa su ne sabuwar tsagewa a bango, ƙasa na zubowa daga rufi, ƙarar azara, da ƙofar da ta ƙi rufuwa alhali jiya tana rufuwa. Yaron da ya ga ɗaya daga cikinsu ya faɗa wa iyayensa nan take, iyali kuma su kwana a wani wuri. Haka nan ba a fakewa a jikin katangar laka, ba a kuma shimfiɗa wa jarirai a gindinta. Ko babban gini bai tsira ba, domin tsohon masallacin Zinder da aka gina da laka tun ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan Satumba na 2024 bayan ruwa mai yawa.

Kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara ko Neja, ya fi ƙorama haƙuri, yana ba da kwanaki kafin ya yi ɓarna. Cikarsa ta farko tana zuwa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da rafukan Goruwal, Dargol da Sirba, waɗanda ke fitowa daga wajen Burkina Faso, suke zuba masa jan ruwa a sama da Yamai. Ta biyu ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini, wanda ke yin watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana tsakanin Disamba da Fabrairu, a tsakiyar hunturu, ba girgije ko ɗaya a sama. Ta farko ce ta fi yin ɓarna a shekarun nan. Ana auna tsayin kogin a Yamai tun 1929, kuma Hukumar Raya Kogin Neja, wadda ta haɗa ƙasashe 9 kuma hedikwatarta ke nan birnin, tana bibiyar ma'aunin. Idan ruwa ya kai santimita 530 an shiga gargaɗi mai launin rawaya, 580 mai ruwan lemo, 620 kuwa ja. A watan Satumba na 2020 ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, ya fasa madatsar kariya ya shiga unguwanni irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoye da Saga. A 2024 ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, fiye da 300 suka rasu, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne ke zaune a ciki.

Tun da kogi yana ba da lokaci, asarar rai a bakinsa yawanci jinkiri ne ke jawo ta. Iyalin da ke zaune a Harobanda ko wata unguwar bakin kogi ya kamata su san tudun da za su nufa tun kafin a shiga gargaɗin ja, su haɗa takardun haihuwa, katin rigakafi da takardun makaranta a cikin leda mai ɗaurewa, su kuma tashi da rana maimakon su jira ruwa ya tashe su da tsakar dare. Bayan ruwa ya janye ma ba a gama ba. Ambaliya takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan amai da gudawa ke ɓarkewa, shi ya sa ake tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. Yaron da gudawa ta kama a ba shi ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma kai shi likita. Kududdufan da suka rage su ne gidan sauro, macizai da kunamu kuma sukan shigo ɗaki neman busasshen wuri.

Zafi shi ne ya fi kowa ba da dogon gargaɗi, shi ne kuma aka fi rainawa, saboda kowa yana ganin ya saba da shi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun ya kai 45, dare kuma ba ya yin sanyin da jiki zai huta. A farkon Afrilu na 2024, daidai ƙarshen azumi, an auna digiri 48.5 a birnin Kayes na Mali. Jiki yana sanyaya kansa ne da gumi, gumi kuwa ruwa ne da gishiri da ke fita, idan ba a mayar ba sai ciwon kai, jiri, murɗawar jijiya da kasala su biyo baya. Fitsarin da ya yi kaɗan ya yi duhu alama ce da yaro zai iya gane wa kansa. Matakin da ya fi muni shi ne lokacin da zafin jiki ya wuce digiri 40, yaro ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya suma. A nan ba a jira: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Ajin da aka rufa da kwano ba silin yakan fi waje zafi da azahar, saboda haka randa ko jarkar ruwa a kowane aji ba alatu ba ce. Ba a barin yaro a cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne.

Hunturu ma yana da nasa. Ƙurarsa, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana busar da hanci da maƙogwaro, kuma daga wannan lokaci zuwa faɗuwar ruwan farko ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa. A watan Afrilu na 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki saboda ita. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya abin kaiwa asibiti ne a ranar. Iskar hunturu kuma ita ce ke mayar da ƴar wutar jin ɗumi gobarar da ke cinye zana da rumbu.

Yamai ta yi dace da cibiyoyin nazarin yanayi. Ban da Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa da ke fitar da hasashen kullum a rediyo da talabijin, a nan cibiyar AGRHYMET take tun 1974, haka ma cibiyar ACMAD da ke yi wa nahiyar Afirka aiki. Sai dai hasashe yana faɗin yankin da ake sa ran hadari ne, ba ya faɗin unguwar da aradu za ta faɗa ko ƙoramar da za ta fara cika, saboda haka bai ɗauke wa kowa duba gabas ba. Akwai kuma batun lokacin koyarwa. Makarantu suna tafiya hutu ne daidai lokacin da damina ke kankama, ba sa dawowa sai Oktoba, wato watannin marka da cikar kogi yara suna yin su ne a gona, a wajen kiwo, a bakin tafki, ko a hanyar aike, nesa da idon malami. Don haka wannan darasi a watan Mayu ya kamata a yi shi, a kuma fita da ɗalibai su ga ƙoramar unguwarsu tun tana bushe, su nuna da hannunsu ginin da za su shiga idan hadari ya same su a hanya. A nan ne kuma za a koya musu lambar ƴan kwana-kwana, 18, da ta ƴan sanda, 17, tare da abin da ake faɗa idan an ɗaga wayar: abin da ya faru, sunan unguwa, wata sananniyar alama da ke kusa kamar masallaci ko kasuwa ko makaranta, da yawan mutanen da abin ya shafa.